Kafin Ɗan Zango Ya Kwance Bakin Jaka Don Sayen Jitar Lantarki



A 'yan shekarun nan, cikin ƙorafe-ƙorafen da ke isowa gaban dattawan zango akwai wani iri wanda iyayenmu ba su san shi ba. Samari sukan yi adashi na watanni, ko wani ɗan'uwa da ke Jamus ko Amurka ya turo musu gudummawa, su sayi kayan kiɗa domin su riƙa zuwa biki da suna suna samun na kansu. Kafin a je ko'ina sai kayan su zama abin rigima. Jita ta ƙi zama a saiti, amfilifaya ta ƙone tun daren farko, ma'aji yana zargin wanda aka aika kasuwa, shi kuma yana rantsuwa bai ci ko kwabo ba. Sau da yawa in aka bi diddigi sai a tarar gaskiya yake faɗa, rashin sani ne ya cinye kuɗin, sa'an nan ya juya yana neman cinye zumunci.

Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, kuma kowa ya san malaminsa. Mu abin da ke gabanmu a yau shi ne dukiyar yaranmu, da amanar da ke tsakaninsu, da harshen da za su rera waƙa da shi a ƙasar da muke 'yan tsiraru. Tun da dai sayen za su yi, gara su saya da ido buɗe.

Ra'ayinmu shi ne: matashin da zai sayi jitarsa ta farko, ko ƙungiyar da za ta sayi ta aiki, su nemi mai matsakaicin kuɗi ƙirar Stratocaster, daga kamfanin da ya rubuta sunansa na gaskiya a kanta, wadda mai kaɗawar ya riƙe da hannunsa ya gwada, kuma kada ta cinye fiye da rabin abin da ke cikin asusu. Ga dalilanmu. Wanda ya ga akasin haka ya kawo nasa, zaure na kowa ne.

Dalili na farko kunnenmu ne. Bahaushe bai jira kowa ba kafin ya san tsirkiya. Mafarauta suna da garaya mai tsirkiya biyu, akwai molo mai uku, akwai gurmi wanda Haruna Uji ya yi suna da shi, ga kuma kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, gwangwani ne aka rufe da fata, amma da shi marigayi Ɗanmaraya Jos ya cika gidajen rediyo ya kuma zaga ƙasashe. Abin da ya haɗa waɗannan kayan shi ne ana tsinko sauti ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fito sarai, ya mutu da wuri, ya ba na bayansa wuri. Harshenmu kuma mai karin sauti ne. Hawa da saukar murya ne ke raba kukan yaro da kukar miya, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum a tsakiyar taro har ya waiwaya. Saboda haka duk tsirkiyar da za ta raka waƙar Hausa dole ta iya bin muryar mawaƙi sawu da ƙafa, ta amsa masa in ya yi shiru, ta kuma kauce in ya buɗe baki.

A nan ne ya kamata mai saye ya fahimci yadda abin yake aiki. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo kamar garaya. Gangar jikinta dunƙulallen katako ne, in ka kaɗa ta haka nan da ƙyar na kusa da kai zai ji. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai abin da makaɗa ke kira fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Idan tsirkiya ta kaɗa a kansa sai ta haifar da ɗan ƙanƙanen lantarki, waya ta kai shi amfilifaya, lasifika ta mai da shi sauti. Fikof kuwa iri biyu ne. Akwai mai naɗi ɗaya, wanda muryarsa siririya ce, garau, mai kaifi, aibinsa shi ne yana kwaso wani gurnani daga wayoyin wuta da fitilu. Akwai mai naɗi biyu, wanda aka ƙera domin kashe wannan gurnani, muryarsa mai kauri ce, mai cika wuri, mai daɗewa kafin ta mutu.

Manyan gidaje biyu ne suka raba waɗannan muryoyi tsakaninsu. Leo Fender, mai gyaran rediyo a jihar Kalifoniya, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, shi ya fitar da Stratocaster a 1954 da fikof uku masu naɗi ɗaya. Kamfanin Gibson kuwa ya fitar da Les Paul a 1952, daga 1957 kuma ya fara sa mata masu naɗi biyu. Mafi yawan jitocin da za ka gani a shagunan Ankara da Kumasi, ko wane suna ke kansu, jikokin ɗaya daga cikin waɗannan biyu ne. Les Paul jita ce ta ƙwarai, ba mai musu, kuma ita ce sarauniya wurin masu kiɗan Turawa mai ruri. Sai dai wannan kaurin murya da ake yabonta da shi, in aka haɗa shi da ganga da fiyano a ƙarƙashin rumfar biki, yakan cika sararin da kalmomi ya kamata su bi. Mai naɗi ɗaya ya fi kusa da tsinkar garaya da gurmi.

Maƙwabtanmu sun riga mu gwadawa. Wanda ya kalli makaɗan Agadas a Nijar zai ga yadda ƙirar Stratocaster ta yi yawa a hannunsu. Mdou Moctar, Ba'abzinen da yanzu ake gayyata Turai da Amurka, da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, cikin salon waƙoƙin Hausa na lokacin. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, shi ma da gwangwani da sanda da waya ya fara. Marigayi Ali Farka Touré na Mali ya fara ne da kayan gargajiya masu tsirkiya ɗaya, da ya koma jita sai ya kwashe kiɗansu ya zuba mata. A Kamaru, Messi Martin ya dabaibaye tsirkiyoyin jitarsa don ya kashe doguwar amonsu, har ta riƙa yin magana irin ta balafon, daga nan kiɗan bikutsi na zamani ya samu hanya. A nan gida ma, masu hailaif irin marigayi Nana Ampadu da Ebo Taylor sun nuna cewa jita mai murya garau tana iya ɗaukar karin Tiwi da Fanti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tsadar kaya ta ɗaukaka. Kowannensu ya san kiɗan gidansu tukuna, sa'an nan ya nemi abin da zai faɗe shi.

Wanda ke tsoron gurnanin mai naɗi ɗaya, akwai mafita biyu. Stratocaster tana da makunni mai matsayi biyar, kuma a yawancin na yanzu matsayi na biyu da na huɗu suna haɗa fikof biyu ta yadda gurnanin zai lafa. Ko kuma a nemi wadda aka gauraya mata, biyu masu naɗi ɗaya da ɗaya mai naɗi biyu a kusa da jaki, kamar Yamaha Pacifica 112. Ƙungiyar da yau tana bikin Hausawa, gobe tana na Dagomba, jibi an kira ta taron Asante, irin wannan ta fi yi mata aiki.

Dalili na biyu shi ne jiki da gyara. Les Paul sau da yawa takan haura kilo 4, Stratocaster kuwa takan tsaya wajen kilo 3 da rabi. Bambancin ƙarami ne a shago, amma wanda ya rataya ta tun bayan isha'i har tsakar dare kafaɗarsa za ta ba shi labari. Wuyan Les Paul manne yake da gam, kanta kuma a karkace yake baya, don haka in ta faɗi can ne take yawan karyewa, gyaran kuwa sai gwani. Wuyan Stratocaster da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, ana iya kwancewa a daidaita ko a sa wani. Kayan gyaranta, daga makunni har makullan saiti, su ne suka fi yawa a kasuwa saboda kowa na kwaikwayonta. Jitar da za ta riƙa shiga bayan tasi da saman babur tsakanin Nima da Ashaiman, ko daga Aboabo zuwa ƙauyukan kewaye, tana bukatar irin wannan haƙuri.

Cikin wannan babi muna jan kunne kan abu biyu da ke ruɗar matasa. Na ɗaya, jaki mai kulle irin na Floyd Rose, wanda ake jan sandarsa sauti ya nutse ya taso. Yana da ban sha'awa a bidiyo, amma in tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar ɗin duk sai su kauce, canza ta kuma sai da ƙananan makullai da zama na natsuwa. Makaɗin da ke sauya saiti don ya dace da muryar mawaƙiya ba zai ji daɗinsa ba. Na biyu, fikof mai cin batir na bolt 9. Ranar da batirin ya mutu a tsakiyar taro, jitar ta zama katako.

Dalili na uku shi ne suna, kuma nan ne kuɗi suka fi zubewa. Fender da Gibson na ainihi, waɗanda ake ƙerawa a Amurka, kuɗinsu ya fi ƙarfin adashin samari. Kamfanonin biyu sun san haka, shi ya sa kowanne yake da ƙanensa. Squier na Fender ne, Epiphone na Gibson ne tun 1957, kuma ana yin su a masana'antun Asiya, irin su Indonesiya da Sin, bisa ƙirar iyayen gidansu. Yamaha da Ibanez da Cort su ma suna yin na masu ƙaramin ƙarfi masu nagarta. Waɗannan duka sun faɗi ko su wane ne, ba su ɓoye inda aka yi su ba. Wadda muke gudu ita ce ta jabu, wadda aka manna wa tambarin Fender ko Gibson, har da rubutun cewa a Amurka aka yi ta, ana sayar da ita a kuɗin da ko jakarta ta gaskiya ba zai saya ba. Wanda ya fara da ƙarya a goshin kaya ba zai yi maka gaskiya a cikin wuya da wayoyi ba. Araha ba ta ado, kuma ranar da ka so sayarwa, duk wanda ya san jita zai gane ta daga nesa. Squier mai gaskiya ta fi Fender maƙaryaciya mutunci a hannun ɗan mutunci.

Kayan gwanjo da ke saukowa ta tashar Tema ba abin ƙi ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Sau da yawa tsohuwar jita da aka riƙe da kyau ta fi sabuwa mai kuɗi ɗaya da ita. Sharaɗin shi ne a gwada, domin sayen jita daga hoton waya cinikin biri a sama ne. Mai gwadawa ya fara kaɗa ta ba tare da ya jona ba, ya ji ko katakon na amsawa. Ya ɗaga ta ya hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar gora. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa a daidaita shi, sai dai a tabbata sandar tana juyawa. Wuyan da ya murɗe kamar igiya kuwa ba shi da magani. Ya dubi tazarar tsirkiya daga ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuya, kada ta wuce wajen milimita 2, in ba haka ba yatsun mai koyo za su gaji kafin ya iya komai. Ya danna kowace tsirkiya a wannan ƙarfe na 12, sautin ya zama shi ne na sakakkiyar tsirkiyar a sama, ba ƙari ba ragi. Ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya yana sauraron inda ke zuza ko inda sauti ke mutuwa. Sa'an nan ya jona, ya juya kowane maɓalli, ya motsa bakin waya a raminta, ya ji ko akwai ƙarƙara. Mai shagon da ya hana ka rabin awa na wannan bincike ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kayansa. Bahago kuma ya faɗi tun da wuri, domin jitar hagu ba ta da yawa. Mdou Moctar bahago ne, Jimi Hendrix ma haka, shi har juya ta dama ya riƙa yi.

Dalili na huɗu ƙasar da muke ciki ce. A Ankara da Takoradi iskar teku mai gishiri tana cin tsirkiya da kusoshi cikin 'yan makonni. A Kumasi laima ce ke kumbura katako. A Tamale da Bolga da Bawku kuwa, in hunturu ya busa sai katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu. Jitar da aka sayo daga kudu aka kai arewa za ta motsa, dole a sake daidaita ta. Don haka jaka mai kauri, da tsumman goge tsirkiya bayan kowane wasa, da tsirkiyoyin ajiya ƙunshi biyu ko uku, suna cikin kuɗin jita tun ranar farko. Mai koyo ya fara da tsirkiya mai lamba 9, ta fi taushi, in hannu ya yi ƙwari ya koma 10.

Wannan ne ya kawo mu ga rabon kuɗi. Mun ce rabi ga jita. Kashi ɗaya cikin uku na asusun ya tafi ga amfilifaya, ragowar ga waya mai kyau, da na'urar saiti, da jaka, da ladan gwanin da zai daidaita ta. Jita mai tsada a kan amfilifaya mai tsatsa kamar mai zaƙin murya ne a bakin fasasshiyar lasifika. Muna ganin mai aiki da taransista ta fi dacewa da mu a kan mai kwalabe, domin ta fi jure jijjiga da wasan wuta, kuma in akwai mai iya aiki da batir, dumso ba zai tashi taro ba.

'Yan'uwanmu na ƙetare masu aiko da kaya, Allah Ya saka, amma a kula. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, tamu 230. Amfilifayar da aka yi wa can, in aka jona ta nan ba tare da taransifoma ba, hayaƙi ne zai biyo baya. A karanta rubutun da ke bayanta kafin a kusanci soket. Ta Ingila da ta Jamus wutarsu ɗaya da tamu. Mafi girma daga wannan shi ne wayar ƙasa. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, don haka in aka karya ƙafa ta uku ta fulogi, ko aka ja wuta daga janareto da wayoyi tsirara, makaɗin da hannunsa ke kan tsirkiya leɓensa kuma ya taɓa makirufo shi ne zai zama hanyar wuta. Haka Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya rasa ransa a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Kuɗin mai gyaran wuta bai kai kuɗin likkafani ciwo ba.

Mun san akwai masu cewa babban suna yana jawo kwarjini, mai biki in ya ga Gibson a wuyan yaro zai ƙara kuɗi. Mu dai ba mu taɓa jin uwar amarya ta tambayi sunan jita ba. Abin da take tambaya shi ne ko an ambaci sunanta da na kakanninta an kuma ji. Akwai kuma dattawan da ke cewa me ya kai yaranmu ga jita alhali ga garaya da goge suna mutuwa a hannun tsofaffi. Wannan magana tana da nauyi, kuma muna tare da rabinta. Yaron da ya zauna gaban mai gurmi ko mai goge ko da wata shida ne, hannunsa a kan jita zai bambanta da na wanda ya koya daga bidiyon Turawa kaɗai. Sai dai hana jita ba zai dawo da garaya ba, fiyano mai kwaikwayon kowace murya ne zai ci gaba da cinye filin shi kaɗai. Mun fi son yaro ya riƙe tsirkiya ta gaske, yana neman karin kakanninsa a cikinta.

Ga ƙungiyoyi kuma, shawararmu ta masu riƙe da alƙalami. Kada mutum ɗaya ya tafi kasuwa. A tafi da mai kaɗawar, da ma'aji, da wani wanda ya san jita ko da ba ɗan ƙungiya ba ne. A karɓi rasit. A rubuta lambar da ke bayan kan jitar cikin littafin ƙungiya, tare da sunan wanda za ta kwana a hannunsa, da wanda zai sayi tsirkiya in ta tsinke, da yadda za a yi in wani ya fita. Shafi ɗaya da aka rubuta yau yana hana zaman sulhu uku a gaban mai gida.

Yaranmu a zango suna tashi da Hausa a baki ɗaya, Tiwi ko Ga da Turanci a ɗayan, kuma abin da suka ji ana rerawa a biki shi suke maimaitawa a hanyar makaranta. In kiɗan ya danne kalma, amo kawai za su ɗauka. In ya bar mata hanya, za su tafi gida da karin magana da kirari da sunayen garuruwan da kakanninsu suka baro da fatauci. Shi ya sa muka ga zaɓen jita ya cancanci a zauna a kansa a wannan zaure.

Allah Ya yi wa neman yaranmu albarka, Ya kiyaye zumuncinsu, Ya sa mu dace. Wassalam.